Ko ya dace a sa yumɓun bentonait a kombucar gida?

*"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina haɗa kombuca a gida, ɗanɗanonta yana yi mini daidai, amma kullum sai ta fito dusu-dusu, ga wasu zarurruka suna yawo a ciki, ga wani abu ruwan ƙasa yana kwanciya a gindin kwalba. Na karanta cewa masu haɗa giyar inabi suna amfani da yumɓun bentonait, ruwansu ya fito garau. Wata ƙawata kuma ta ce in na zuba cokali guda a tulun, zai zuƙe guba ya ƙara wa abin amfani ga ciki. Ina da garin bentonait da na saya don shafawa a fuska. Zan iya zuba shi? A wane lokaci, kuma nawa? Ba zai kashe mini uwar ba?"*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abubuwa uku kika haɗa a tambaya guda, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce: ko yumɓun zai sa kombuca ta yi garau, ko shan sa a cikinta yana da amfani ga jiki, da kuma ko wanda ke hannunki zai yi aikin. Na farkon, yana yi, amma ƙasa da yadda kike tsammani. Na biyu da na uku, a'a. Kada garin fuskar nan ya shiga abin da za ki sha, kuma kada kowane irin bentonait ya shiga tulun da uwa take, wato faifan nan mai santsi da ke tasowa a saman kombuca. Idan za a yi amfani da shi, to a kan kombucar da aka riga aka ɗebo ne, ɗan kaɗan, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan a zubar da shi. Bari in bi dalilan, domin in kin gane su, ke da kanki za ki iya yanke hukunci a kan duk wani gari da za a ce ki zuba nan gaba.

Abin da ke sa ta dusu-dusu

Kombuca shayi ne mai sukari da aka bar wa ƙananan halittu iri biyu su yi aiki a kansa. Yis yana cin sukari ya fitar da gas da ɗan barasa, bakteriya masu yin tsami kuma su juya barasar zuwa asid irin na binega. Wasu daga cikin bakteriyar, musamman dangin *Komagataeibacter*, su ne ke saƙa faifan nan mai santsi da ke tasowa a saman ruwa, wanda muke kira uwa. To mafi yawan abin da kike gani yana hana haske ratsa kwalbarki, waɗannan halittun ne da kansu. Abin nan ruwan ƙasa da ke gindi yis ne da ya gama aiki ya sauka. Zarurrukan da ke reto daga jikin uwa su ma yis ne da ya cuɗe da zaren da bakteriya ke saƙawa. Bakteriyar kuwa sun fi yis ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa suke daɗewa suna shawagi ba su sauka ba.

Akwai kuma abin da ke zuwa daga shayin. Baƙin shayi da aka dafa da kauri, idan ya huce, sinadaran da ke ba shi launi da bauri suna haɗuwa da kafeyin su yi wani hazo, kuma ruwa mai yawan kalsiyam yana ƙara shi. Idan kina zuba 'ya'yan itace a zagaye na biyu, wato bayan an cire uwa an rufe ruwan a kwalba don ya yi gas, sai a sami ƙarin fektin, wato abin nan da ke sa ruwan 'ya'yan itace kauri, da ɓarɓashin tsokar 'ya'yan. Citta kuma tana kawo sitaci. Kowanne daga cikin waɗannan da maganinsa, kuma bentonait ba shi ne maganin yawancinsu ba.

Yadda yumɓun ke aiki

Bentonait tokar dutse mai aman wuta ce da ta daɗe a cikin ruwa har ta rikiɗe ta koma yumɓu. Idan aka duba shi da madubin ƙara girma mai ƙarfi, faya-fayai ne sirara ƙwarai da aka jera kan juna. Da ya sha ruwa sai faya-fayan su rabu, kowanne ya yi ta yawo, kuma fuskar kowanne tana ɗauke da cajin lantarki mara kyau, wato negatif. Duk abin da ke ɗauke da kishiyar wannan caji yana mannewa a jikinsa kamar yadda ƙusa ke manne wa maganaɗisu, sannan nauyi ya ja su ƙasa tare. Iri biyu ne ake sayarwa: mai sodiyam, wanda aka fi sani daga jihar Wayomin ta Amurka, yana kumbura ninki-ninki, yana da ƙarfin kamu, amma lakarsa sakwa-sakwa ce mai cin wuri. Mai kalsiyam ba ya kumbura sosai, kamunsa bai kai na farkon ba, amma yana kwanciya daram, ba ya cinye miki ruwa da yawa.

Masu giyar inabi sun fara dogara da shi tun shekarun 1930, kuma matsala guda takamaimai suke magancewa. Farar giya tana ɗauke da furotin na inabi wanda ido ba ya gani, amma idan kwalba ta sha zafi a hanya ko a kanti, sai furotin ɗin ya dunƙule ya yi hazo. A cikin ruwa mai tsami furotin yana ɗauke da caji mai kyau, wato fozitif, don haka bentonait ke kama shi tun kafin a cika kwalba. Ki lura, galibi giyar ta riga ta yi haske kafin a zuba shi. Rigakafin hazon gobe ake yi.

Nan ne aron ya fara karkacewa. Shayi ba shi da wani furotin na a zo a gani. Bangon jikin yis da na bakteriya kuwa cajinsu irin na yumɓun ne, sinadaran baurin shayi da fektin su ma ba sa cikin abin da yake jawowa. Saboda haka ba ya kama su kai tsaye. Abin da ke faruwa shi ne, yayin da yumɓun ke dunƙulewa yana sauka, yana share wasu daga cikinsu ya tafi da su. Wannan sharar tana aiki, na gani da idona, kombuca takan ƙara haske. Amma a gwaje-gwajen da nake yi, idan na jera kofin da aka sa wa yumɓu kusa da kofin da aka bari a firiji kawai, bayan 'yan kwanaki bambancin bai cika kai wahalar ba, sai fa in akwai ruwan 'ya'yan itace a ciki. Can ne yake nuna kansa.

Me ya sa ban yarda ya shiga tulun uwa ba

Kin tambaya ko zai kashe uwar. Ba guba ba ne gare ta, ba za ki wayi gari ki same ta a mace ba. Ɓarnar tasa a hankali take. Shayi mai sukari abinci ne maras ƙarfi tun asali, ɗan abin gina jikin da yis da bakteriya ke samu a ciki kaɗan ne, yumɓun kuma yana kama wani ɓangare na wannan kaɗan ɗin. Yana jan yis ƙasa ya binne shi a laka, alhali bakteriyar da ke sama suna jiran abin da yis zai samar musu. Idan wannan daidaiton ya karkace, tsami yana jinkiri, kuma jinkirin tsami shi ne ƙofar da funfuna ke shigowa.

Ga kuma batun ma'aunin tsami, pH, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru. Abin da ke kare kombuca daga miyagun ƙwayoyin cuta shi ne ta fara ƙasa da 4.6 tun ranar farko, saboda ruwan tsohuwar kombuca da ake zubawa a sabon shayin, sannan ta ƙare tsakanin 2.5 da 3.5. Bentonait mai sodiyam idan aka dama shi da ruwa, ɓangaren alkali yake karkata, wato kishiyar tsami. Rabin giram a lita ba zai motsa komai ba, amma cokalin cin abinci cike, wanda ƙawarki ta faɗa, ya ninka abin da masu sana'a ke sawa a lita sau da yawa, kuma a ranar farko da tsamin bai kafu ba, ba na son duk wani abu da zai tura ma'aunin sama.

Na ƙarshe, wanda ya fi damuna: uwa tana saƙa duk abin da ta samu a jikinta. Yumɓun zai maƙale a cikin zarenta, ba ya wankuwa, kuma zai zauna cikin asid mako bayan mako, zagaye bayan zagaye. Masu giya suna raba ruwa da yumɓu da zarar ya kwanta. A tulun uwa ba a taɓa rabuwa.

Batun zuƙe guba

Maganar ƙawarki tana da tushe, sai dai an ɗauko ta daga wani wuri aka dasa inda ba nata ba. Gaskiya ne bentonait yana kama wasu guba. Ana zuba shi a abincin dabbobi don ya riƙe aflatoksin, gubar da funfunar hatsi ke fitarwa, kuma Tarayyar Turai ta amince da wannan amfani a 2013. Amma kombucar da aka haɗa da ruwa mai tsabta, shayi mai kyau da sukari a cikin tulun gilashi, babu wata guba a cikinta da ke jiran a zuƙe. Idan kuwa funfuna ta fito a saman, busasshiyar nan mai gashi-gashi, fara ko kore ko baƙa, to uwa da ruwa duka na zubarwa ne. Babu yumɓun da zai ceto ta. Barasar da ke ciki ma ba ya rage ta, haka kuma ba abin dogaro ba ne wajen rage sukari da kafeyin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kamun da yumɓu ke yi musaya ce. Kafin ya karɓi wani abu sai ya saki abin da yake riƙe da shi. Ƙasa ce aka haƙo, tana zuwa da duk abin da ke ramin da aka haƙo ta: sodiyam, kalsiyam, ƙarfe, alminiyam wanda yake cikin ginin yumɓun kansa, wani lokacin kuma dalma da asenik. A ruwan sha na yau da kullum yawancin waɗannan suna zaune a jikinsa. A ruwa mai tsami irin kombuca, asid yana ɓamɓaro su. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a sau biyu a kan wasu garin bentonait da ake sayarwa don sha da shafawa, bayan gwaji ya nuna dalma mai yawa a cikinsu. Tarayyar Turai kuma ta cire bentonait daga jerin abubuwan da ake ƙarawa a abinci a ci tare da su daga 2013, a ƙoƙarin rage alminiyam da mutane ke ci, duk da cewa ana ci gaba da amfani da shi wajen tace giya, inda ake fitar da shi kafin a sha.

Cewa kombuca tana iya jawo dalma daga abin da ta zauna a ciki ba hasashe ba ne. A 1998 wata mujallar likitanci ta Ostireliya ta ba da rahoton wasu ma'aurata da suka kamu da gubar dalma bayan sun shafe kusan wata shida suna shan kombucar da suke haɗawa a tukunyar tangaran. Tsamin ne ya narko da dalmar daga fentin tukunyar, har sai da aka yi musu maganin fitar da ita daga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani mara illa, kuma yara da masu juna biyu ne suka fi cutuwa. Wanda ya zuba yumɓun da ba a gwada ba cikin asid ya bar shi kwana goma, sannan ya kaɗa ya shanye har da lakar, ya haɗa duk sharuɗɗan da ake gudu a wuri guda.

Ko da yumɓun mai tsabta ne, shan sa cokali-cokali yana da nasa matsalolin. Yana sa bushewar ciki, an sami waɗanda ya toshe wa hanji, yana rage fotasiyam a jini, kuma ba ya bambance guba da magani: yana iya kama ƙwayar da likita ya ba ki, ta wuce ba ta shiga jiki ba. Sannan ki duba sarƙaƙiyar da ke cikin shawarar: yawancin masu shan kombuca don ƙananan halittun nan masu rai suke sha, sai kuma a zuba abin da aikinsa shi ne ya share su zuwa gindi.

Garin fuskarki kuwa, rubutun "na asali" ko "tsantsa" a jikin leda bai ce komai ba a kan ƙarafan da ke ciki. Bentonait ɗin da ake haƙar rijiyar mai da shi, da wanda ake zuba wa kyanwa ta yi bahaya, da na toshe gindin tafki, duk tsantsar bentonait ne. Abin da ya raba su da na tace abin sha shi ne gwaji. Wanda ake sayarwa don tace giya da ruwan 'ya'yan itace yana bin ƙa'idar da ta iyakance yawan dalma, asenik da sauran ƙarafan da zai iya saki a cikin ruwa mai tsami. Shi za ki nema, a wajen masu sayar da kayan haɗa abin sha, kuma mai sayarwa na kirki zai iya nuna miki takardar gwajin kamfanin.

Idan kin ce sai kin gwada

To ga yadda nake yi. Adadin da zan faɗa an aro shi ne daga aikin giyar inabi, inda ake sa tsakanin giram 0.25 zuwa giram 1 a kowace lita, don haka ki ɗauke shi a matsayin wurin farawa.

Aikin yana farawa kwana guda kafin a buƙace shi, domin busasshen gari ba ya komai sai ya sha ruwa ya buɗe. Ki auna giram 5 a ƙaramin sikeli, kada ki yi da cokali, don nauyin gari da na tsaki-tsaki ba ɗaya ba ne. Ki sami ruwa mililita 100 mai zafin da ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius ko kusa da haka. Garin ake barbaɗawa a kan ruwa kaɗan-kaɗan ana kaɗawa. In kika juya, kika zuba ruwa a kan gari, zai yi gudaji masu santsi a waje, busassu a ciki, ki matse ɗaya da yatsa ki ga farin gari ya fito, kuma babu kaɗawar da za ta narkar da su. Ki rufe ki bar shi ya kwana. Washegari ki sake kaɗawa, ya kamata ya zama sumul, launin toka-toka, yana bin bayan cokali ba tare da tsaki ba. Da ruwa ake dama shi, ba da kombuca ba, domin tsami yana hana shi kumbura yadda ya kamata. Af, za ki ji ana cewa cokalin ƙarfe yana kashe masa ƙarfi. Manyan masana'antu a tankunan ƙarfe mara tsatsa suke dama shi, don haka cokalinki na irin wannan ƙarfe ba zai yi masa komai ba.

Kafin ki taɓa kombucar, ki cire uwa ki ajiye ta da ruwan da za ki fara zagaye na gaba. Wannan ruwan kada yumɓu ya gan shi. Sauran ki tace shi da kyalle mai tsabta zuwa wani tulun, ki jujjuya shi sosai gas ɗin ya fita. Wannan matakin mutane ke tsallakewa su yi da-na-sani: kowane ƙwayar yumɓu wurin taruwar kumfa ne, idan kika zuba shi a kombuca mai gas za ta taso ta malale a kan tebur, kuma ko ba ta malale ba, kumfar da ke tasowa za ta riƙa ɗago lakar tana hana ta kwanciya.

Daga nan sai gwajin kofuna, wanda shi ne zai gaya miki gaskiya fiye da ni. Kofunan gilashi huɗu, kowanne mililita 200. Na farko ki bar shi haka. Na biyu mililita 1 na damammen yumɓun, na uku 2, na huɗu 4, da sirinji za ki fi samun daidai. Wannan ya yi daidai da giram 0.25, 0.5 da 1 a lita. Ki kaɗa kowanne da kyau na kusan minti guda, ki rufe, ki sa duka a firiji. Cikin sa'o'i kaɗan za ki ga ruwan ya yi gutsi-gutsi kamar zai tsinke, sannan wani layi ya fara bayyana, sama tana haske, ƙasa tana tara laka mai laushi. Bayan kwana biyu ko uku ki fito da su ba tare da girgizawa ba, ki riƙe rubutacciyar takarda a bayan kowanne ki ga wanda ake iya karantawa ta cikinsa. Sannan ki ɗanɗana saman kowanne, ki fara da wanda ba a sa wa komai ba. Mafi ƙarancin adadin da ya ba ki hasken da kike so shi ne naki. In kuwa kofin farko ya kusa kamo sauran, kin sami amsarki ba tare da yumɓu ba.

Idan kin zaɓi adadi, misali rabin giram, to mililita 10 ke nan a kowace lita. Ki zuba a hankali kina kaɗawa, ki sa a firiji kwana uku zuwa bakwai, kada ki wuce mako. Ki ɗora tulun a inda za ki tsiyaye shi tun da wuri don lakar ta sake natsuwa, sannan ki janye ruwan sama da siririn tiyo mai tsabta, bakin tiyon yana nesa da gindi. Kada rowa ta sa ki bi ɗan ruwan ƙarshe, lakar bentonait mai sodiyam ko numfashi kika yi kusa da ita sai ta tashi. Ki haƙura da kusan kashi ɗaya cikin goma na ruwan. Lakar kuma ki kwashe ta zuwa shara, kada ki tura ta magudanar wanke-wanke, tana toshe bututu.

Abin da za ki biya

Haske ba kyauta yake zuwa ba. Yumɓun yana tafiya da wani ɓangare na ƙamshi, kuma kombucar koren shayi, wadda ƙamshinta ba shi da ƙarfi tun farko, ita ta fi jin jiki. Idan aka zarce, bakin yana yin salam, wani lokacin har da ɗan ɗanɗanon ƙasa. Jan launin 'ya'yan itace yana ɗauke da cajin da yumɓun ke so, saboda haka kombucar da kika yi wa ja da inabi ko makamancinsa za ta kode, ki ga launin ya koma cikin lakar. Idan hazon fektin ne, maganinsa sinadarin narkar da fektin da ake sayarwa tare da kayan haɗa abin sha, kuma shi ake fara sawa a ba shi kwana guda ko biyu. Shi kansa furotin ne, in kika haɗa su lokaci guda yumɓun zai kama shi kafin ya yi aiki.

Sai babban cikas, wanda ya sa nake ganin yawancin masu haɗawa a gida ba su buƙatar wannan hanya. Gas ɗin kombucar gida daga yis mai rai yake zuwa, wanda ke cin ɗan sukarin da kika ƙara a rufaffiyar kwalba. Kin rage yis, don haka gas zai yi jinkiri, abin da ke ɗaukar kwana uku yana iya kai mako. Kuma yis ɗin da ya rage zai hayayyafa yayin da yake aikin, ya sake kwanciya a gindi, bakteriya su sake saƙa 'yar ƙaramar uwa a wuyan kwalba. Wato wani ɓangare na hasken da kika sha wahala a kansa zai koma. Kombucar kanti da kike gani garau, galibi an bi da ita ta matatar inji ko an dafa ta an kashe halittun, sannan aka cusa mata gas daga tukunyar gas. Ba da yumɓu kaɗai suka kai can ba.

Kada kuma hasken ya ruɗe ki ki ɗauka tsimuwa ta tsaya. Ruwa yana iya yin garau alhali akwai isasshen yis da zai fasa kwalba in aka bar ta a ɗumi da sukari a ciki. Kwalabe masu jure matsi, duba su kullum, firiji da zarar gas ya yi, duk suna nan yadda suke.

Abin da zan yi in ni ne ke

Sanyi da haƙuri. Ki tace da kyalle, ki sa a firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 4 na kwana uku zuwa biyar, ki janye saman da tiyo. Idan kina son ƙari, ki bi da shi ta takardar tace kofi, tana da jinkiri amma tana aiki. Ki rage daɗewar ganyen shayi a ruwan zafi, ko ki gauraya baƙi da kore, hazon shayin zai ragu. Idan yis ya yi yawa a tulun uwa, ki riƙa ɗiban ruwan farawa daga sama maimakon gindi, ki wanke tulun lokaci-lokaci, ki tsinke baƙaƙen zarurrukan da ke jikin uwa. Wuri mai zafi sosai, sama da digiri 29 ko 30, yana ba yis rinjaye, don haka ki nema wa tulun inda ya fi sanyi. Lokacin sha kuma ki bar kwalba a tsaye a firiji, ki zuba a hankali cikin kofi a tashi ɗaya, ki bar yatsa guda na ƙarshe a gindi.

Inda nake ganin bentonait ya cancanci wahalarsa shi ne wanda ke haɗa kombuca da ruwan 'ya'yan itace mai yawa, yana son ta fito da kyan gani don wani taro ko don sayarwa, kuma yana da na'urar cusa gas. Ga wannan, yumɓu mai takardar gwaji, rabin giram a lita, a raba su cikin mako, hanya ce mai kyau.

Sana'ata sarrafa abin sha ce, ba likitanci ba, kuma ido da harshe ba sa gano dalma, sai ɗakin gwaji. Idan ke ko ƙawar taki kun riga kun daɗe kuna shan irin garin nan na fuska, musamman in akwai juna biyu, shayarwa, ciwon ƙoda, ko yara sun sha, ku daina, ku je asibiti da ledar a hannu ku nemi a auna dalma a jini. Idan kuma ya riga ya shiga tulun uwa, ki zubar da ruwan da uwar, ki wanke tulun, ki karɓi sabuwar uwa a wajen wani mai haɗawa ki fara daga farko.